Ina Za a Binne Iskar Kabon: Tsohon Filin Gas ko Dutse Mai Ruwan Gishiri?

Ana binne iskar kabon da masana'antu ke fitarwa a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa don kada ta ƙara ɗumama duniya. Dutsen da aka zuƙe gas ɗinsa, wato tsohon filin gas, ya riga ya nuna amana: ya riƙe iska shekaru miliyoyi, injiniyoyi kuma sun san shi ciki da bai. Shi ya sa aikin binne kabon na Porthos da ke birnin Rotterdam na ƙasar Netherlands ya zaɓi irin waɗannan filaye a ƙarƙashin Tekun Arewa. Damuwata tsoffin rijiyoyin ne: in simintin da aka toshe ɗaya da shi ya tsage, iskar ta sami hanyar fita.

Dutse mai ruwan gishiri kuwa, wato dutsen ƙarƙashin ƙasa da ƙananan ramukansa ke cike da ruwan gishiri, ya fi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, kuma a Sleipner, wani filin gas na Norway a Tekun Arewa, tun 1996 ake ɗura masa kabon. Sai dai gano halinsa na cin kuɗi, ga matsi na hauhawa in ana ɗuri.

Ni da tsohon filin zan fara, amma sai an bi rijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya.