Motar hayar da ta kai mu Yamai

'Yan'uwa a Zuru masu shirin tafiyar bishara zuwa Nijar, ga abin da na gani game da masu motar hayar da ikilisiyarmu ta ɗauka a Birnin Kebbi. Bas ɗin ta tsufa, kujerun baya sun lotsa, na'urar sanyi kuwa ba ta aiki. Amma direban ya san aikinsa. A iyakar Kamba shi ya tattara takardunmu, ya yi wa jandarmomi bayani da Zabarmanci, muka wuce Gaya lafiya lau.

A wani ƙauye kafin Doso ya tsaya don kansa, ya ce mini, "Mama, a sauko da ruwan nan." Mata ne jere a bakin rijiya da jarkoki, yara ba takalmi suna rige-rigen robobin da muka shanye. Da yamma kuma ga mu a unguwar Filato ta Yamai, dogayen katangu, masu gadi, ana ba ciyawa ruwa da tiyo. Gaskiya daren nan abinci bai shiga cikina ba.

Kuɗinsu da ɗan tsada, amma badi ma su za mu nema. Dattawa ku kama kujerun gaba da wuri.