Sharhi kan wasan BioShock da masaniyar da ta sauya halittar mutanen ƙarƙashin teku

Wasan bidiyo na BioShock, wanda kamfanin 2K ya fitar a 2007 kuma aka sabunta shi a 2016 cikin kundin BioShock: The Collection, yana kai mai wasa birnin Rapture, wanda wani attajiri mai suna Andrew Ryan ya gina a ƙarƙashin tekun Atlantika domin ya kuɓuta daga gwamnati da haraji. Labarin yana farawa ne a 1960, lokacin da birnin ya riga ya zama kufai, ruwa yana ɗiga ta tsagogin gilashi, manyan kifaye kuma suna shawagi a tsakanin benaye.

A ganina, jigon wasan shi ne Dakta Brigid Tenenbaum, masaniyar ƙwayoyin halitta wadda ta fara binciken kimiyya tun tana yarinya a tsare a sansanin 'yan Nazi. Ita ce ta gano sinadarin ADAM a jikin wata halittar teku mai kama da dodon koɗi marar ƙwarya, sinadarin da ke sauya jikin mutum har ya riƙa harba wutar lantarki ko sakin ƙudan zuma daga hannunsa. Don a samu ADAM da yawa, sai aka riƙa dasa wannan halitta a cikin cikkunan ƙananan yara mata, aka kuma haɗe jikin wasu maza da rigar nutso ta ƙarfe har abada, su gyara birnin daga waje, su kuma yi gadin yaran. Mai wasa yana fahimtar halin matar ne ta faifan murya da aka watsar a lungu-lungu, inda take magana a kan yaran da sanyin murya kamar mai lissafin kayan shago, kafin nadama ta kama ta. Wannan ɓangare an tsara shi da gwaninta ƙwarai.

Inda wasan ya gaza shi ne wurin zaɓin da aka fi tallata shi da shi. Wanda ya halaka yarinya yana samun ADAM 160, wanda ya cece ta yana samun 80, amma Tenenbaum tana aiko da kyautar 200 bayan kowace yarinya ta uku da aka ceta, don haka mai tausayi ba ya yin wata asara ta a zo a gani, zaɓin kuma ya rasa nauyin da ya kamata ya ɗauka. Haɗa bututun ruwa da ake yi don mallake na'urori yana gundura bayan 'yan sa'o'i, faɗan ƙarshe ma bai kai darajar labarin da ya gabace shi ba.

Kundin na 2016 ya ƙara wa hoton tsabta, yana kuma ɗauke da BioShock 2 na 2010 da BioShock Infinite na 2013, wanda hakan ya sa kuɗinsa bai yi tsada ba idan aka auna da abin da ke ciki. An keɓe shi ga manya saboda zubar da jini, kuma wanda Ingilishinsa bai nuna ba gara ya kunna rubutun ƙasan allo, domin mafi yawan labarin a cikin faifan murya yake.