Michigan biyu ne, Hajiya: ta Ann Arbor da ta East Lansing

Hajiya, na ga tambayarki. Ɗanki ya gama digirin farko a fannin tattalin arzikin noma, yana son ƙaro karatu a Michigan State, sai wani ɗan'uwa ya ce masa wannan ta 'yan baya ce, ya nemi Jami'ar Michigan. Ke kuma kika ce duk kin ɗauka makaranta ɗaya ce. Makarantu biyu ne, duka na gwamnatin jiha ɗaya a Amurka, tsakaninsu tafiyar kamar awa guda a mota. Jami'ar Michigan tana garin Ann Arbor, Michigan State tana East Lansing, daura da Lansing babban birnin jihar. Kuma kishiyoyin juna ne na gaske.

Ɗan'uwan nan bai yi ƙarya ba ta fuskar suna. Jami'ar Michigan ce babba a shekaru: an kafa ta a Detroit a 1817, aka mayar da ita Ann Arbor a 1837, shekarar da Michigan ta zama jiha. Shiga cikinta da wuya, don a digirin farko ba ta ɗaukar ko mutum 1 cikin 5 na masu nema, alhali Michigan State tana karɓar mafi yawansu. Likitanci, lauya, injiniya, kasuwanci, duk ta yi fice. A ɗaya daga cikin zaurukanta aka sanar wa duniya, ranar 12 ga Afrilu 1955, cewa allurar rigakafin shan inna ta Jonas Salk tana aiki. A bakin ƙofar ginin ƙungiyar ɗalibanta John Kennedy ya tsaya da misalin ƙarfe 2 na dare a Oktoban 1960, yana yawon neman ƙuri'ar shugabancin Amurka, ya ƙalubalanci matasa su fita aikin sa-kai ƙasashen waje. Daga nan Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta Amurka, ta samo asali, wadda ta turo malamai makarantun Najeriya da Nijar. Shugaba Gerald Ford ɗalibinta ne, haka Larry Page na Google.

To amma ga abin da ɗan'uwan bai faɗa ba: Jami'ar Michigan ba ta da tsangayar noma, ba ta da ta likitan dabbobi. Wanda ya karanta harkar noma ya nufi Ann Arbor, kamar wanda ya je kasuwar zinariya neman taki ne. Akwai sashen tattalin arziki, akwai na muhalli, masu kyau kuwa, amma ba su ne abin da yaronki yake nema ba.

Michigan State kuwa don noma aka haife ta. A 1855 aka kafa ta a matsayin kwalejin aikin gona ta jihar, aka fara karatu a 1857 da ɗalibai 63, kowannensu sai ya yi aikin ƙarfi na awa 3 a rana, sare daji da haƙar kututture. A 1862 Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnatin tarayya su sayar su kafa makarantun noma da aikin hannu don 'ya'yan talakawa. Wannan kwaleji tana cikin waɗanda aka yi koyi da su. Shi ya sa har yau 'yan Ann Arbor suke tsokanar su da makarantar shanu, kuma ina kyautata zaton can ɗan'uwanku ya tsinci maganar. Shanun kuwa suna nan. Harabar ta haura eka 5,000, kudancinta gonakin gwaji ne da garken dabbobi, har da shagon da jami'ar ke sayar da cuku da askirim na kanta.

Akwai wani labari da nake so a kanta. A 1879 wani malamin tsirrai, William Beal, ya cika kwalabe 20 da yashi da irin ciyayi ya binne a ɓoyayyen wuri a harabar, don a gane shekara nawa iri zai yi a ƙasa bai mutu ba. Tun daga lokacin, malamai ke gadar sirrin wurin, su fita da dare su haƙo kwalba ɗaya. An haƙo ta baya-bayan nan a 2021, aka shuka, wasu suka tsiro bayan shekara 142. Duk manomin da ya taɓa noma gona tas, damina ta dawo ya ga ciyawa kamar bai taɓa ta ba, ya san amfanin wannan tambaya. Kada kuma a ɗauka gona kaɗai suka sani: a ɗakin gwajinta Barnett Rosenberg ya gano tasirin sinadarin cisplatin a shekarun 1960, wanda yanzu yana cikin manyan magungunan ciwon daji.

Ta fuskar Afirka ma ita ce ta fi daɗewa a hanya. Shugabanta John Hannah ne ya haɗa kai da Nnamdi Azikiwe wajen kafa Jami'ar Najeriya ta Nsukka a 1960, a kan irin wannan tsari na makarantar da ke haɗa aji da gona. A shekarar ce kuma ta buɗe cibiyar nazarin Afirka. Malaman sashen da ɗanki yake nema sun daɗe suna bincike kan taki, kasuwar hatsi da manufofin noma a ƙasashenmu, har da Najeriya. Wato zai iya samun malamin da ba sai ya yi masa bayanin mene ne gero ba.

Zaman gari ya bambanta. A Ann Arbor jami'a da gari a cuɗe suke, ka fito daga aji ka faɗa titin shaguna. Masu injiniya kuma suna wata haraba ta arewa, sai an hau bas. Haya da tsada. East Lansing ta fi sauƙi, ta fi shiru, kogin Red Cedar ya ratsa tsakiyar makarantar, amma nisan gine-gine sai keke ko bas. Masallaci duka akwai: na East Lansing yana gefen harabar, ana zuwa Juma'a da ƙafa. Ann Arbor ta fi kusa da filin jirgin saman Detroit da kuma Dearborn, garin Larabawa inda naman halal ba abin nema ba ne.

Ranar da suka haɗu a wasan ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita, jihar rabewa take biyu: masu shuɗi da ruwan ɗorawa, da masu kore da fari. Filin wasan Ann Arbor yana cin mutum fiye da 107,000, babu kamarsa a ƙasar. Su kuma na East Lansing suna taƙama da Magic Johnson da kofin ƙwallon kwando na 1979. Wannan dai ba ya cikin abin da za a zaɓi makaranta dominsa.

Maganar kuɗi ce nake so ki riƙe, Hajiya. In mu muka ji jami'ar gwamnati, sauƙi muke ji. A can sauƙin na ɗan jihar ne, wanda iyayensa ke biyan haraji. Baƙo, ko daga jihar Ohio ya zo balle daga Kano, kuɗinsa ninki biyu ne ko uku. A digirin farko, na Ann Arbor ya haura dala 60,000 a shekara, na East Lansing ya haura 40,000, ban da ci da kwana. Don haka kada a sayar da fili ko gida saboda wannan. A matakin da ɗanki yake, hanyar da aka sani ita ce sashen ya ɗauke shi mataimakin malami a bincike ko koyarwa: ya yi aikin awa 20 a mako, a yafe masa kuɗin makaranta, a ba shi ɗan albashi da inshorar lafiya. An fi samun wannan a digirin dokta fiye da na biyu, kuma malamin da ke da kuɗin bincike ne ke da ta cewa. Ya karanta ayyukan malaman sashen, ya zaɓi biyu ko uku, ya rubuta musu tun kafin Disamba, lokacin da ake fara rufe karɓar takardu.

Ni dai da ƙanena ne, East Lansing zan ce ya nema, ya haɗa da wasu makarantun noma irin su Purdue da Kansas State, wadda ta taimaka wajen gina tsangayar likitan dabbobi ta ABU Zariya. Da likitanci ko lauya ya karanta, da amsar ta juya.

Rigar sanyi kuma kada ki wahalar da kanki a Kantin Kwari. Zai isa a watan Agusta ana zafi. Ya bari sai Oktoba ya sayi tasu, don sanyin Janairun Michigan ba ya jin rigar hunturunmu.