Gudun safe a Dutsen Kufena, ga yadda abin yake

Masu tambaya ko hanyar gudun nan ta Dutsen Kufena da ke Zariya ta kai a ce mutum ya taso tun daga Samaru ko Sabon Gari da sassafe, eh ta kai, amma fa kar ka zo da tunanin irin zagayen filin ƙwallon da muka saba ne, wanda za ka yi ta juyawa kana hira da aboki har ka gama. Nan wurin hira na ƙarewa da kanta.

Wani matashi ne ke jan ayarin ran Asabar, ana haɗuwa bayan sallar Asuba wajen Ɗan Magaji, kowa ya ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Farkon hanyar ba wani abu, kwalta ce ka ratsa cikin Wusasa, unguwar da tsohuwar cocin nan ta St. Bartholomew take wadda aka gina a 1929 da ƙasa irin ginin Hausawa, a nan ma Janar Gowon ya taso, daga nan sai kwalta ta ƙare ka faɗa burji da hanyar gonaki. A nan ne sababbin zuwa ke cika baki suna wuce mutane, mu dai sai mu ƙyale su.

Gindin dutsen ne ake fara sanin juna. Kufena ba tudun ƙasa ba ne, falalen dutse ne guda santal, wani wurin ba ciyawa ba itace ba abin da za ka kama, kuma hawan ba a miƙe yake ba, ka hau ka ɗan samu fili ka ce alhamdulillah an iso, kana ɗaga kai ka ga wani hawan na jiranka a sama. Gaskiya ba wanda na gani ya yi gudu tun daga ƙasa har ƙololuwa, har shi jagoran akwai inda yake komawa tafiya hannu a kan gwiwa. Sharaɓar ƙafarka za ta yi zafi kamar an zuba mata barkono, numfashi kuma ka ji shi har cikin kunne.

Amma ni abin da nake so mutane su gane, hawan ba shi ne matsalar ba, saukowar ce. Wajen hawa in ka gaji tsayawa kawai za ka yi. Wajen sauka kuwa nauyin jikinka gaba ɗaya kan gwiwa yake sauka, ga ƴan tsakuwa ƙanana a kan falalen da ke murginawa ƙarƙashin takalmi, yatsun ƙafa na ta dukan bakin kambas har farce ya yi baƙi. Na ga wani bawan Allah da kambas ɗin gayu mai sumul a ƙasa, da zama ya ƙarasa saukowa yana jan jiki, wandon ma bai tsira ba. Ka nemi takalmi mai haƙora a ƙasa ko da na gwanjo ne, kuma ya ɗan fi ƙafarka girma kaɗan, ka taƙaita taku, kar ka jingina baya. Da damina kuma duk inda ka ga dutsen ya yi baƙi-baƙi ruwa na tsattsafowa, gansakuka ce, kewaye shi kawai.

Saman kam ba magana. Birnin Zariya gaba ɗaya a shimfiɗe, gonaki ta ko'ina, in ba lokacin hazo ba ne ido na kaiwa nesa sosai. A kewayen dutsen kuma har yanzu akwai ragowar tsohuwar ganuwa, don an zauna a Kufena tun kafin birnin da muke ciki yanzu ya kafu, sai dai ba allo ko ɗaya da zai gaya maka haka, in ba a nuna maka ba ka ɗauka tarin ƙasa ne kawai.

Abin da bai yi min ba ke nan a wurin, ba kulawa. Ba alamar hanya, ba banɗaki, ba mai sayar da ruwa in ka bar cikin gari, ledojin fiya wata kuma birjik a tsakanin duwatsu, mu masu zuwa mu ke zubarwa. Shi ma jagoran yana da kirki kuma ya san wurin sosai, amma ya cika biye wa na gaba ya manta da na baya, kuma ko bandeji ba ya ɗaukowa. Na ce masa malam ya kamata ka sa mutum ɗaya ya riƙa tsare baya, ya ce in sha Allahu, muna dai jira.

In kana shirin tseren Okpekpe na jihar Edo, mai kilomita 10 da ya yi suna da hawa, a nan Zariya ban san inda ya fi nan ba. Na ba hanyar Kufena 7 cikin 10. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya fara jin ta bakin likita, kuma da yanayin tsaron nan kar kowa ya je shi kaɗai, a tafi a ayari, a sauko kafin ƙarfe tara don dutsen na ɗaukar zafi da wuri.