Hattara da mai tallar SSD tera 2 a rabin kuɗi, tawa giga 128 ce a ciki

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu buga gem a laftof ne, da duk wanda ma'adanar kwamfutarsa ta cika yake neman ƙari. A watan jiya aka damfare ni, kuma wanda ya yi mini wannan aika-aika har yau yana nan yana talla, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kwamfutata ta zo da SSD, wato ma'adanar fayiloli ta zamani, mai giga 512. Duk wanda ya san gem ɗin zamani ya san wannan ba ta kai mutum ko'ina. Windows ta ɗebi rabonta, Red Dead Redemption 2 shi kaɗai wurin giga 150 yake nema, ka ƙara na ƙwallo guda ɗaya, shi ke nan layin da ke nuna cikar ma'adana ya koma ja. Kullum sai na goge wani kafin na sa wani, kuma sake sauke gem mai giga 100 da tsadar data ta yanzu ba ƙaramin abu ba ne. Da na kwance murfin ƙasa na ga akwai gurbin M.2 na biyu, wato inda ake zura siririyar SSD, a buɗe ba komai a ciki, sai na ƙudura sayen ta biyu.

A wani zauren saye da sayarwa na WhatsApp na gamu da tallar. Hoton kwalaye ne jere a kan darduma shuɗiya, Samsung 980 Pro mai tera 2, wato giga dubu biyu, wai sababbi fil a leda. Kuɗin da ya sa bai kai rabin abin da ake sayar da ita a shago ba. Na tambaye shi dalilin arahar, ya ce kaya ne da wani Alhaji ya shigo da su daga Dubai, bashi ya taso shi, yana neman kuɗi da gaggawa. "Malam, wallahi saura uku, kuma mutum biyu sun riga sun yi magana." Ya turo mini bidiyo: ga SSD a jikin kwamfuta, ga Windows tana nuna tera 1.81. Wannan adadi ne ya kwantar mini da hankali, don na san haka tera 2 ta gaskiya take fitowa. Kamfanoni da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1,024, saboda haka tera 1 takan fito giga 931, tera 2 kuma 1.81. Na ce a raina wanda zai yi ƙarya ba zai san wannan ba. Ashe ya fi ni sani.

Na ce zan zo shagonsa na gani da idona. Ya ce ba ya gari, amma zai ba direba a tasha. Na tura kuɗi, ya ce ya ga alat, washegari da la'asar na je tasha na karɓi saƙo. Kwali mai kyau, an manne bakinsa, rubutu tsaf. Na dawo gida, na cire batir, na zura ta a gurbinta, na ɗaure ɗan sukurun, na kunna. Windows ta gan ta nan take. Na yi mata fomat, ga tera 1.81 kamar yadda na gani a bidiyo. Har addu'a na yi masa.

Sati biyun farko ban ga komai ba. Na mayar da gem guda ɗaya ciki, yana tashi, sai dai yana ɗan jinkiri, na ɗauka zafi ne. Daga nan na fara kwashe kayana gaba ɗaya: sauran gem, bidiyoyin aiki, da folda guda ta hotuna da bidiyon bikin ƙanwata da aka yi bara. Mai hoton ya ba ni su a filasha, na kwafe, na mayar masa da filasharsa tun tuni. Da na ga sun shiga sabuwar ma'adana, ga sunayensu ga girmansu, sai na goge na tsohuwar don na samu wuri.

Ranar wata Juma'a ƙanwar tawa ta zo gida ta ce, "Yaya, tura mini hotunan kamu, surukata ke son gani." Na buɗe folda, komai na nan a jere. Na danna hoto na farko, bai buɗe ba. Na biyu ya buɗe rabi, sauran rabin toka-toka. Bidiyon ɗaurin aure, fayil mai giga huɗu da wani abu, manhaja ta ce ba ta gane shi ba. Tana tsaye a kaina tana jira, ni kuma gumi kawai nake yi.

Washegari na ɗauki kwamfutar na nufi titin Beirut wajen wani dattijo mai gyara da na daɗe da sani. Bai ma kunna ta ba. Ya ciro SSD ɗin, ya juya ta a tafin hannu, ya sa farce ya ɗaga gefen sitika. Ya ce, "Ƙanena, matso ka gani." A ƙarƙashin sitikar ƙwayar ajiya ɗaya ce tal, sai wata 'yar ƙarama a kusa da baki, sauran allon fili ne, ana ganin ɗigo-ɗigon dalma inda ya kamata a ce ƙwayoyi sun zauna. Ya ɗauko ta gaskiya daga durowa ya ajiye su gefe da gefe. Ita tana da ƙwaƙwalwar sarrafawa, da ƙwayar DRAM ta ajiyar wucin-gadi, da ƙwayoyin ajiya biyu, duk sun cika allon. Tawa ba abin da ya haɗa ta da Samsung sai takardar da aka liƙa mata.

Shi ne ya yi mini bayanin yadda abin yake, kuma wannan ne nake so kowa ya riƙe. Kwamfuta ba ta auna girman ma'adana da kanta. Tambayarta take yi, "Nawa kike ɗauka?" Duk abin da ƙwaƙwalwar da ke jikin ma'adanar ta faɗa, shi Windows za ta rubuta maka a allo. Masu wannan sana'a sai su samo ƙwaya mai giga 128 ko 64, su sauya umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar, su koya mata ta riƙa cewa tera 2. Muddin abin da ka zuba bai wuce girmanta na gaskiya ba, komai zai yi aiki daidai, shi ya sa sati biyun farko suka wuce lafiya. Da ka haura iyaka, sai ta ci gaba da amsa maka cewa ta karɓa, alhali ko dai zubar da shi take yi, ko ta koma baya tana rubuta sabo a kan tsoho. Jerin sunayen fayiloli kuwa a wuri daban ake ajiye shi, don haka za ka ga suna, ka ga girma, ka ga kwanan wata, amma cikin babu komai. Mugun abin shi ne ba ta nuna maka kuskure a lokacin kwafa, lokacin da kake da damar tsira da kayanka. Sai ranar da ka nema.

Muka yi mata fomat muka saka H2testw, wata 'yar manhaja ta kyauta da aka rubuta a Jamus. Aikinta ɗaya ne: ta cika ma'adana maƙil da bayanai, sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta yana nan. Muka bar ta ta kwana tana yi. Sakamakon ya nuna kimanin giga 119 ne kawai lafiya, sauran duk ɓatacce. Wato giga 128 aka sayar mini da sunan tera 2.

Kafin wannan gwaji na kira mai kayan sau ɗaya, tun ina zaton matsalar gudu ce kawai. Manhajar auna gudu ta CrystalDiskMark ta nuna mini gudun karatu bai kai megabait 500 a daƙiƙa ba, alhali 980 Pro ta gaskiya tana kai wa 7,000. Amsarsa a shirye take: "Ai laftof ɗinka ce tsohuwa, Oga, gurbinta Gen 3 ne." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take cin mutane. Tabbas idan ka sa ma'adanar Gen 4 irin 980 Pro a gurbin Gen 3, wato tsarin da ya gabace shi, za ta yi aiki amma gudunta zai ragu. Sai dai raguwar zuwa wajen 3,500 ce. Idan ka ga 500 zuwa ƙasa, wannan gudun SATA ne, wato tsohon tsarin haɗa ma'adana da kwamfuta, ko abin da bai kai shi ba, babu ruwan kwamfutarka. Da na tura masa hoton sakamakon H2testw, alamar karantawa ta fito, bayan minti kaɗan hotonsa ya ɓace. Ya toshe ni.

Ba sabuwar damfara ba ce, kuma ba a Najeriya aka fara ta ba. A 2022 an yi ta tallar wata SSD ta waje a manyan kasuwannin intanet, wai tera 30 a ƙasa da dala 40. Da wani mai bincike ya saya ya fasa, sai ya tarar da ƙananan katin memori guda biyu an liƙe su da gam. Akwai ma masu buga sunan da babu shi sam, kamar "1080 Pro", wanda Samsung ba ta taɓa fitarwa ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu sun ƙware a kwali da sitika, har mai shago na kirki yana iya sayo ta cikin rashin sani.

Dattijon ya ce kada na ɗauka SSD ta jabu iri ɗaya ce kawai. Akwai wadda girmanta gaskiya ne, tera 2 cif, amma kayan cikinta masu araha ne aka rufe da sitikar babban kamfani. Wannan za ta tsallake gwajin cikawa, sai gudu ya tona ta, ko manhajar kamfanin, kamar Samsung Magician da ke duba ko kayan nasu ne. Akwai kuma ta hannu da aka ci ƙarfinta aka mayar kwali. Kowace SSD tana da iyakar abin da za a rubuta mata a rayuwarta. 980 Pro mai tera 1, alal misali, garantinta shekara biyar ne ko rubutun tera 600, duk wanda ya riga cika. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa ma'adana ta yi a kunne da kuma adadin abin da aka rubuta mata. Sabuwa ya kamata ka ga kusan sifili. Idan ka ga awa dubu biyar a kan abin da aka ce maka yanzu aka ɓare ledarsa, ka ajiye masa kayansa. Sayen ta hannu ba laifi ba ne, in an faɗa maka ta hannu ce kuma an yi maka kuɗin ta hannu.

Ga wanda ke shirin ƙara ma'adana ta biyu, ka fara da kwamfutarka kafin kasuwa. Duba littafinta ko ka buɗe ka gani: gurbin M.2 ne ko wurin mai inci 2.5, kuma NVMe, wato sabon tsari mai sauri, yake karɓa ko SATA, don suna kama da juna a ido amma ba kowane gurbi ke ɗaukar duka biyun ba. Yawancin laftof ɗin gem girman 2280 suke ɗauka, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. SSD mai ƙarfen sanyaya a kai ba ta shiga yawancin laftof, mai ƙwayoyi gaba da baya ma wani lokaci murfi ba ya rufuwa da ita. In ka san wannan, babu mai ruɗa ka da zancen "kwamfutarka ce".

Sauran duk a wajen biya yake. Bidiyon da mai kaya ya turo ba shaida ba ne, hoton allo ba shaida ba ne, kwali ma haka. Ka je da kwamfutarka shago, ko ku yi yarjejeniya a rubuce a kan risiti cewa kana da kwana biyu ko uku na gwaji. In akwai gidan USB da ake zura M.2 a ciki, manhajar ValiDrive tana taɓa wurare 576 daga farkon ma'adana zuwa ƙarshenta cikin 'yan mintuna, kana tsaye za ka san ko girman gaskiya ne. In ka koma gida ka bar H2testw ta cika ta baki ɗaya kafin ka sa mata ko hoto ɗaya. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin gwaji. Wanda ya ce maka in an ɓare kwali ba a dawowa da kaya, kuma ya ƙi a gwada a gabansa, ya riga ya ba ka amsa. Sannan don Allah, ko ta gaskiya ce, kada ka goge asalin abin da ba za ka iya sake samu ba don kawai ka kwafe shi wuri ɗaya. Gem ana sake saukewa. Na sake sauke nawa, data ce kawai ta tafi.

Hotunan bikin ne ba su dawo ba. Dattijon ya gwada manhajojin ceto a kan tsohuwar ma'adanar kafin mu taɓa komai, amma SSD ba kamar tsohon faifai mai juyawa ba ce, da ka goge abu takan share wurin da kanta ba da jimawa ba. Mai hoton ya ce ba ya ajiye aiki fiye da wata shida. Abin da muka tattaro daga wayoyin 'yan'uwa bai kai hoto arba'in ba, kuma babu ko ɗaya na mahaifinmu a wajen ɗaurin aure. Ƙanwata ta ce, "Ba komai Yaya, Allah Ya sa haka ne mafi alheri," amma na ga idonta.

Na kai koke bankina da shaidar tura kuɗi, da hirarmu, da hoton sakamakon gwaji. Sun karɓa, sun ce riƙe asusun wani sai da rahoton 'yan sanda da umarnin kotu, kuma ina kan bin wannan hanya. Duk wanda abin ya shafa ya adana hirarsa da risitin turawa, ya kai wa bankinsa da wuri, ya kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko wajen EFCC. Koke da yawa a kan asusu ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Shekaranjiya wani abokina ya turo mini talla daga wani zauren daban. Lamba sabuwa, suna sabo, yanzu kuma wai 990 Pro mai tera 4. Labarin Alhajin Dubai da bashi bai sauya ba, har da "saura uku". Kwalayen a jere suke a kan shuɗiyar dardumar nan, mai ƙonewar dutsen guga a kusurwar dama.