Gidan rainon iri a Kumasi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Yawancin ƙananan gidajen rainon irin da ake tallatawa a intanet, don ƙasashen sanyi irin su Ingila aka ƙera su, inda mai lambu ke neman tara ɗumi. Mu a unguwannin Aboabo da Asawase ɗumi ya yi mana yawa. Abin da ke kashe mana yabanya shi ne ruwan Afrilu zuwa Yuli mai tono iri daga ƙasa, da ranar tsaka, da kajin maƙwabta, da ƙadangaru. Da wannan ma'aunin ya kamata a shiga kasuwa.

Mafi arha shi ne farantin roba mai ramuka, 72 ko 128, da murfi mai haske. Farantin kansa kaya ne mai kyau, don kowane tsiro da raminsa, saiwa ba ta tsinkewa ranar dashe. Murfin kuwa na kwana uku zuwa biyar ne. Da tsiro ya leƙo a cire shi, in ba haka ba laima ta taru, ƙafar yabanyar ta ruɓe, ka wayi gari ta kwanta.

Sai gidan raino mai hawa huɗu, ƙafafun siririn ƙarfe, an lulluɓe shi da leda mai zif. Shi ya fi ɗaukar ido, kuma ga mai zaman gidan haya da ba shi da fili sai baranda, yana da amfani. Amma in aka zuge shi da hantsi, ya zama tanderu. Irin tumatir ya fi son zafi tsakanin digiri 20 da 30, ya wuce 35 sai ya fara ƙin fita. Latas ya fi shi tsirfa, wajen 30 ma ya noƙe. Ledar kuma, in ba wadda aka yi don jure rana ba ce, tana bushewa ta tsattsage, zif ya lalace, ƙarfen ya yi tsatsa. Iskar hadari tana kifar da shi, sai an ɗaure shi a bango ko an danne hawan ƙasa da bulo. Hawan ƙasan nan ma haske ba ya isarsa, yabanya ta yi tsawo ba ƙwari. Wanda ya riga ya saya, ya bar ƙofar a naɗe, ya ajiye shi inda rana ke sauka da safe kawai.

Ni nawa zaɓin shi ne na uku: ka kai wa kafinta awo, ko mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, ya haɗa maka tebur mai tsayin ƙugu, rufin leda mai kauri a karkace don ruwa ya gangare, gefe huɗu kuma raga. Iska tana ratsawa, kaza ba ta kaiwa. In katako ne, a ɗora ƙafafun kan dutse saboda gara. Kuɗinsa na iya ɗara na mai zif, sai dai in leda ta mutu, ita kaɗai za a sauya.

Batun raga, a nan ake yin kuskure. Tsohon gidan sauro yana tare fara da malam-buɗe-littafi mai haifar da tsutsar kabeji, amma farin ƙuda, mai kawo cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, ta cikinsa yake wucewa. A shagon kayan noma ka nemi raga mai ƙananan ramuka, mai lamba 50. A watan Fabrairu da Maris ka ƙara ragar inuwa a sama.

Kafin ka biya, lissafa abin da za ka shuka. Tumatir yana kai dashe a sati uku zuwa huɗu, barkono da yalo sai biyar ko shida. Kuɓewa, alayyahu da ayoyo kuwa kai tsaye ake shuka su, ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin ukun nan.