Ina Za Ka Wallafa Ra'ayinka? Facebook, X, Substack Ko Shafin Kanka

Kafin ka zaɓi dandali, fara sanin wa kake yi wa rubutun. Mai sharhin siyasa da ke neman kunnen 'yan jarida ba wuri ɗaya zai baje kolinsa da mai yi wa iyaye magana kan tarbiyya ba.

Facebook ya fi sauran dandalan yawan jama'a, kuma yana ɗaukar dogon rubutu, har sama da haruffa 60,000. Sai dai ba kai ke rabon ba, manhajar ce ke zaɓar wanda zai gani. Kana iya samun mabiya dubu goma, rubutunka ya isa ga 'yan kaɗan. Abin da ya fi damuna shi ne, duk abin da ya ta da ƙura shi take turawa gaba. Sannu a hankali sai ka ga marubuci mai natsuwa ya koma neman faɗa, domin faɗan ke kawo masu karatu. Bayan mako guda kuma rubutun ya nutse, kai kanka sai ka sha wuya kafin ka tono shi.

X, wato tsohon Twitter, na jefa magana ne. Haruffa 280 ke gare ka idan ba ka biya ba, don haka doguwar hujja sai an yanka ta gunduwa-gunduwa, abokin hamayya ya ɗauki gunduwa ɗaya ya yi ta yawo da ita.

Tashoshin WhatsApp, da aka fito da su a 2023, suna kai saƙo cikin wayar mutum kai tsaye, amma mabiya ba sa iya mayar da martani sai da 'yar alamar emoji. Wa'azi ne ba muhawara ba.

Substack, wanda aka kafa a 2017, ya bi wata hanya daban: duk abin da ka rubuta yana tafiya imel ɗin wanda ya yi rajista, kuma kana iya sauke jerin adireshinsu ka tafi da shi duk ranar da ka ga dama. A wurina wannan ne babban abin dubawa, domin zanen aro ba ya rufe katara. Kyauta ne har sai ka fara karɓar kuɗi, sannan su cire kashi 10 cikin ɗari, ban da cajin Stripe, kamfanin da ake biyan kuɗin ta hannunsa, wanda ba a kowace ƙasa yake aiki ba. Kuma idan mutanenka ba masu buɗe imel ba ne, kana magana ne a ɗakin da babu kowa.

Medium, wani dandalin wallafa dogon rubutu, yana da tsabta da daɗin karatu, amma yawancin masu zuwa can Turanci suke nema.

Saura shafin kanka a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet da ke nan tun 2003. Za ka riƙa biyan kuɗin sunan shafin da na masaukinsa a intanet, ka kula da sabuntawa da tsaro, kuma ba wanda zai zo sai ka kira shi. Amma rubutun shekara biyar yana nan inda ka bar shi, Google ma na iya kai mutum gare shi.

Da ni ne sabon shiga, zan ajiye cikakken rubutun a Substack ko shafina, in ɗauki sakin layi mafi ƙarfi in kai Facebook da WhatsApp, sannan bayan wata uku in duba ta wace ƙofa masu karatun suka fi shigowa.